Sana'ar yawo da baƙi a gindin otal mai fatalwa

Ɗan kamfanina na zagayawa da masu yawon buɗe ido ne a San Diego, jihar Kalifoniya ta Amurka. Ƙaramar bas ɗaya gare mu da 'yan jagora kaɗan, kuma rabin cinikinmu albarkacin gini guda muke samunsa: Hotel del Coronado, farin otal ɗin katako mai jan rufi da ke bakin teku.

Elisha Babcock da Hampton Story suka gina shi. An fara aiki a 1887, aka buɗe a Fabrairun 1888, cikin kimanin wata 11 ke nan, kuma da yawa cikin leburorin 'yan China ne. Ba a jima ba attajirin sukari John D. Spreckels ya mallake shi. Shugaban Amurka Benjamin Harrison ya ziyarce shi a 1891, jarumar fim Marilyn Monroe ta yi fim a wurin a 1958. Duk wannan baƙi na saurara ne suna ɗaukar hoto. Sai ka ambaci Kate Morgan za ka ga an sauke waya.

Ta sauka a otal ɗin ranar 24 ga Nuwamban 1892, ita kaɗai, ta rubuta sunanta Lottie A. Bernard. Ta gaya wa ma'aikata cewa ba ta da lafiya, tana jiran ɗan'uwanta likita. Bai zo ba. Ta haye ruwa zuwa cikin garin San Diego ta sayi bindiga, ranar 29 ga wata aka tsinci gawarta a matakalar da ke gangarawa bakin teku, da harbi a ka. Mai binciken gawa ya yanke cewa ita ta kashe kanta. Daga baya aka gano sunanta na gaskiya, da cewa 'yar Iowa ce. An binne ta a maƙabartar Mount Hope.

Iyakar abin da takardu suka tabbatar ke nan, kuma a nan nake ja wa yarana layi. Sauran da ake danganta wa fatalwarta, wato fitila mai kashe kanta a ɗakin da ta sauka mai lamba 3327, iska mai sanyi ba gaira ba dalili, kaya na faɗowa daga kanta a shagon tsaraba, dole jagora ya fara da "an ce". Wanda ya ƙara gishiri ya kan ci tukwici mai tsoka a daren, na sani, amma cikin kowane ayari ba a rasa wanda ya karanta labarin kafin ya zo, kuma shi ne zai je intanet ya rubuta cewa ƙarya muke sayarwa.

Su kan tambaye ni ko na yarda da fatalwar. Amsata ba ta canzawa: yadda aka tarbiyyantar da ni, wanda ya mutu ya tafi, in ma akwai mai motsa labule to aljani ne. Dariya suke yi, wasu kuma su nemi ƙarin bayani kan aljanu har lokaci ya ƙure mana.

Oktoba ce kakarmu, saboda Halowin, bikin Turawa na fatalwa da abubuwan ban tsoro. Zagayen yamma muke tsarawa yadda za mu iso wajen ginin daidai faɗuwar rana, don haka lokacin tashi na sauyawa kusan kowane mako. Wanda ke son kwana a ɗakin nata, mu kan ce ya kama tun da wuri, domin masu nemansa sun yi yawa.