Kwana Biyu a Bakin Mashigin Canakkale

Kayan da na saro a Laleli ne suka ƙi kammaluwa. Mai shagon ya nemi in ƙara masa kwana huɗu, ni kuwa zaman otal a Santambul babu ciniki yana gundurata. Ɗan yayata da ke karatu a can ya ce, "Kawu, maimakon wannan zaman, zo mu je Canakkale ka ga inda Turkawa suka tare jiragen yaƙin Ingila da Faransa." A Kano na tashi, babban ruwan da na sani tun ƙuruciya shi ne dam ɗin Tiga, saboda haka yaƙin teku a wurina labari ne na littafi. Na ce masa mu je.

Bayan sallar asuba muka hau bas a tashar Esenler. Tafiyar kusan awa biyar ce, ta Tekirdag da Gelibolu. Daf da Gelibolu muka hango sabuwar gadar da ta haɗa Turai da Asiya, wadda aka buɗe ranar 18 ga Maris 2022, aka kuma sa mata suna 1915. Ranar da shekarar duk da gangan aka zaɓe su. Mu dai ba mu bi ta kanta ba, muka sauka a Ejeabat muka shiga jirgin fito.

A kan jirgin fiton nan na fara fahimtar abin da ya kawo ni. Mashigin ya kai kilomita 60 a tsawo, amma a inda ya fi tsukewa, tsakanin Kilitbahir da Canakkale, faɗinsa bai kai kilomita ɗaya da rabi ba. Kana gefen Turai kana hango tagogin gidajen Asiya. Ruwan kuma ba a tsaye yake ba, gudu yake daga tekun Marmara yana gangarawa kudu, kana ganin yadda yake karkatar da jirgin. Sultan Muhammad Alfatih ya gina ganuwa biyu suna kallon juna a wannan maƙogwaro bayan ya ci Santambul. Ma'anar Kilitbahir ita ce makullin teku, kuma ban taɓa ganin sunan da ya dace da mai shi haka ba.

A ganuwar gefen Asiya, wato Cimenlik, akwai gidan tarihin sojojin ruwa. Nan yaron ya warware mini asalin rigimar. Jiragen ruwa ne ma suka ja Daular Usmaniyya, ta Turkiyya nake nufi ba tamu ta Shehu ba, cikin Yaƙin Duniya na Farko. Ta ba da kwangilar manyan jiragen yaƙi biyu a Ingila, har talakawa sun yi karo-karo an biya, amma da yaƙi ya tashi a 1914 Ingila ta riƙe su. Cikin watan Agustan shekarar jiragen Jamus biyu, Goeben da Breslau, suka shigo mashigin suka ɗaura tutar Turkiyya, a ƙarshen Oktoba kuma suka yi wa garuruwan Rasha na bakin Bahar Aswad ruwan wuta. Da aka rufe mashigin, alkamar Rasha ta rasa hanyar fita, makaman ƙawayenta, Ingila da Faransa, suka rasa hanyar shiga. Winston Churchill, wanda ke riƙe da ma'aikatar sojojin ruwan Ingila, ya dage cewa jirage kaɗai za su iya fasa ƙofar su isa Santambul.

A jikin bangon ganuwar akwai harsashin jirgin yaƙin Ingila mai suna Queen Elizabeth maƙale, bai fashe ba. Na tsaya na dube shi. Amma abin da ya riƙe ni shi ne wani ɗan ƙaramin jirgi da aka ƙera kwatankwacin na asali, sunansa Nusret, kalmar da ta fito tushe ɗaya da nasara. Bai fi jirgin fiton da ya kawo mu ba. Aikinsa shuka nakiya a ruwa.

Turkawa sun riga sun jera nakiyoyi layi 10 a gicciye cikin mashigin, kuma abokan gabarsu sun san da su. Waɗanda aka ɗora wa aikin share su masunta ne daga Ingila, farar hula, cikin jiragensu na kamun kifi. Da dare suke fita, ruwa na tura su baya, fitilu na haska su daga tudu, igwa na dukansu. Tausayin mutanen nan ya kama ni ƙwarai. An ba su aikin da ya fi ƙarfinsu. Abin ya zama kamar sarƙa: manyan jiragen ba za su matso su rufe bakin igwa ba sai an share nakiya, masu sharar kuma ba za su iya aiki ba sai an rufe bakin igwa.

Su kuwa Turkawa sun lura cewa duk lokacin da manyan jiragen suka gama harbi, a wani lungu na gefen Asiya mai suna Erenkoy suke juya kai. Da asubahin 8 ga Maris 1915 Nusret ya lallaɓa can ya shuka nakiya 26, a miƙe tare da gaɓa, inda babu wanda ya yi zato. Ranar 18 ga wata manyan jiragen yaƙi 18 suka shigo. Wajen ƙarfe biyu na rana jirgin Faransa mai suna Bouvet ya juya a wannan lungu ya taka nakiya. Cikin kamar minti biyu ya kife da mutum sama da 600. Daga baya a wannan rana Irresistible da Ocean na Ingila suka bi shi, wasu uku sun ji mummunan rauni. Daga ranar rundunar ba ta sake gwada fasa mashigin da jirage ba.

Washegari muka ƙetara zuwa Kilitbahir. Kusa da ganuwar akwai mutum-mutumin wani kofur, Seyit, wanda Turkawa ke ba da labarin ya saɓa harsashin igwa mai nauyin fiye da kilo 200 a bayansa bayan na'urar ɗagawa ta lalace. Iyalai na ta ɗaukar hoto. Muka ɗauki shatar mota zuwa ƙarshen zirin ƙasar Gelibolu, inda Ingila da ƙawayenta suka sauke sojojin ƙasa ranar 25 ga Afrilu 1915 bayan jirage sun gaza. Sun shafe fiye da wata takwas ba su ci tudun ba, jiragen da suka kawo su suka kwashe ragowarsu a Janairun 1916. Yaron ya ce, "Amma Kawu, ka san daga baya sun wuce?" Bayan yarjejeniyar tsagaita wuta ta Mudros, rundunar ta bi ta mashigin babu harbi ko ɗaya, ta yi sansani a gaban Santambul ranar 13 ga Nuwamba 1918.

Wurin da muka tsaya na ƙarshe maƙabartar Faransawa ce a saman gaɓar Morto. Ba kowa sai mu biyu da iska. Cikin sojojin da Faransa ta kawo akwai baƙaƙen fata daga Afirka ta Yamma, da yawansu Musulmi, an kwaso su a jirgi an kawo su yaƙar Musulmi 'yan'uwansu a ƙasar da ba su san sunanta ba. Na yi ta tunanin nawa ne daga cikinsu, kamar ni, ba su taɓa ganin teku ba kafin wannan tafiya. Na bi layin kaburburan a hankali ina karanta sunaye. Daga nan ana hango ruwan da Bouvet ke kwance a ƙarƙashinsa da mutanensa, wani jirgin dakon kaya na wucewa ya nufi Santambul. Na ɗaga hannu na yi addu'a, yaron na cewa amin, har direban ya danna mana oda daga bakin hanya.