Laraba: yadda ƙara ke canza muryar mai magana

Yau a darasin sarrafa sauti Malam bai rubuta komai a allo ba. Kiran wani abokinmu ya yi, ya toshe masa kunnuwa da iyafis mai sakin rugugin injin jirgin sama, ya ba shi jerin lambobi ya karanta wa kwamfutar da ke mayar da magana rubutu. Ajin tsit, mu ba ma jin komai. Amma sai ga bawan Allah yana ta ɗaga murya, jijiyar wuyansa ta miƙe, muryar ta yi siriri, yana jan wasula kamar mai kiran wani daga tsallaken titi. Ɗazu da kunnensa a buɗe kwamfutar ta kama duka, yanzu kuwa ta tsallake wasu, ta juya wasu. Da aka cire masa, rantsuwa ya yi ta yi cewa shi maganarsa ta kullum ya yi.

Malam ya ce wani likitan kunne da maƙogwaro ɗan Faransa, Étienne Lombard, ya bayyana wannan tun 1911. Ba da gangan mutum ke yi ba, kunne ne ke tuƙa baki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne makirfo bai ɗauki ƙarar ba ko kaɗan. Ke nan ko an tace hayaniya tas, muryar ta riga ta sauya tun daga bakin mai ita. Na ce, “Malam, to matuƙan jiragen yaƙi fa?” Ya ce ai nan gizo ke saƙa. A jirgin Eurofighter Typhoon matuƙi kan ba da wasu umarnai da baki, kuma sai na'urar ta fara koyon muryarsa shi kaɗai. Idan a ɗaki mai shiru ta koya, a sama wata murya dabam za ta ji: ga inji, ga takunkumin iskar oksijin a fuska, ga nauyin da ke danne ƙirji idan jirgi ya yi kwana da gudu. Ba a damƙa wa murya harba makami ko sauke tayoyi ba, kuma ni dai na ga hikimar hakan.

Aikin gida: kowa ya naɗi muryarsa sau biyu, da ƙara a kunne da babu, ya kwatanta kafin Litinin. Janaretan maƙwabcinmu zai yi amfani yau.