Wasiƙa daga Manchester: "To" ɗin da ka tura a waya

Assalamu alaikum 'yan'uwana 'yan kasuwa na Kantin Kwari da Singa, da sauran masu saro kaya ta waya. Ina gaisuwa, da fatan kasuwa tana albarka.

Ina aiki a nan Manchester a wani kamfanin safarar kaya ta ruwa. A makon da na fara, wata dattijuwa da ke duba takardunmu ta ja kunnena: kada in kuskura in amsa wa abokin ciniki da kalma ɗaya a imel ko WhatsApp. Na ɗauka tsanani ne irin na Turawa, sai daga baya na gane dalilinta.

A kasuwarmu ta gida ciniki yana da matakai. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, har ya ce ya sallama, ga dillali da maƙwabtan shago suna ji. Yanzu duk wannan ya koma cikin waya, shaidun kuma babu su. Mutum yana Gwanzu ko Dubai ya turo hoton atamfa da farashi, kai kana tsakiyar jama'a ka danna "To". Wannan "To" ɗin na ji ne, ko na yarda? Mu kanmu Hausawa sai mun ji muryar mai faɗa muke bambancewa.

Irin wannan ce ta kai wani manomi gaban alƙali a lardin Saskatchewan na Kanada. A 2021 wani kamfanin sayen amfanin gona ya turo masa hoton yarjejeniya ta waya, shi kuma ya mayar da alamar nan ta babban yatsa a ɗage. Lokacin kai kaya ya yi, farashi ya tashi, bai kai ba. Ya ce shi nufinsa saƙo ya iso. Alƙali ya duba tsofaffin cinikayyarsu, ya ga a baya ma da gajeriyar amsa yake karɓar ciniki kuma ya cika. A 2023 aka yanke masa biyan dalar Kanada sama da 82,000. Abin da ya ci shi ɗabi'arsa ce ta baya, kuma a ganina alƙalin bai zalunce shi ba.

A nan garin da nake ma an yi wata shari'ar a 2019, kan wani fili da ke gaɓar tafkin Windermere. Dokar Ingila ta ce cinikin ƙasa sai da rubutu da sa hannu. Lauyan ɓangare ɗaya ya tura imel ɗauke da sharuɗɗan, na'ura ta liƙa sunansa a ƙasa kamar yadda ta saba. Kotu ta ce wannan sunan sa hannu ne, cinikin fam 175,000 ya tabbata.

Maganar ta girmi intanet. Tun 1955, a shari'ar kamfanin Entores, lokacin ana amfani da teles, wato na'urar aika rubutaccen saƙo, tsakanin Landan da Amsterdam, kotun ɗaukaka ƙara ta ce ciniki yana ƙulluwa ne a inda amsar amincewa ta sauka. Wannan yana iya shafar wace kotu ce za ta saurari rigimarku, ta garinka ko ta garin da ko harshensu ba ka ji.

Kada wani ya ce wannan dokar Turai ce. A Najeriya Dokar Shaida ta 2011 ta karɓi abin da aka ciro daga kwamfuta ko waya a sashe na 84, ta kuma amince da sa hannu na na'ura a sashe na 93. Sai dai sashe na 84 yana da sharuɗɗa, ciki har da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka ciro saƙon. Hoton allo kaɗai da ka tura wa ƙaninka kafin ka sayar da wayar a kasuwar wayoyi ta Farm Centre zai iya ba ka kunya a gaban alƙali.

Ga yadda muke yi a ofishinmu. Muddin ana cikin tayi, muna rubutawa a saman saƙo cewa babu ciniki sai an sa hannu a takarda. In an daidaita, sai a tura saƙo ɗaya mai ɗauke da komai: irin kaya, adadi, kuɗi da irin kuɗin, ranar lodi, wanda zai biya kuɗin jirgi, da kotun da za a je in an saɓa. Saƙon murya kuwa, wanda na san shi ne abin sonmu, ana bin sa da rubutu. Kuma ba ma kunna saitin nan mai goge hira da kansa, musamman in an riga an biya kafin alƙalami.

Yaron shago da ke riƙe maka waya shi ma a ja masa kunne, domin wanda ke can ƙetare sunanka yake gani a kan saƙon.

A gaishe min da mutanen gida. Sanyi ya fara shigowa nan, ƙarfe huɗu na yamma sai ka ga duhu.

Naku,
ɗan'uwanku a Manchester