Riƙe ƙungiyar Clash of Clans a Maraɗi daga bazara zuwa kaka

Shan kaye ba ya cika kashe ƙungiyar wasa. Ana iya cinye mutane sau biyar a jere, gari ya waye su sake neman abokan karawa. Shiru ne ke kashe ta. Mutum uku sun daina buɗe wasan ba wanda ya tambayi lafiyarsu, bayan sati biyu sun zama goma, wanda ya nemi sojoji ya jira awa huɗu ba a aiko mashi ba, shi ma sai ya tattara ya koma wani wuri. Maganar tawa kan Clash of Clans ce, wasan waya da kowa ke gina garinsa, ƙungiyoyi suna yaƙar juna, domin tsarinsa ya fi fito da ciwon fili, amma ƴan Free Fire da PUBG Mobile za su tsinci nasu a ciki.

Ƙungiya tana ɗaukar mutum 50, kuma nan ne shugabanni ke fara ruɗewa. Mutum ya ga sunaye 45 sai ya zuba 40 a yaƙi. A cikin 45 ɗin nan da wuya ka samu rabi da ke da caji da fas na intanet da lokaci a rana guda. Kowa hari biyu yake da shi, kowane hari na iya kawo tauraro uku, don haka wanda bai fito ba ya zubar da taurari har shida. Yaƙin mutum 15 da kowa ya yi aikinsa ya fi na 30 da aka bar hari ashirin a ƙasa. Kada ka dogara da alamar kore da ja da ɗan wasa ke sawa a shafinsa don nuna ko zai shiga yaƙi ko a'a, mutane na mantawa da ita wata da watanni. Tambaya a WhatsApp kafin ka fara neman abokan karawa, wanda bai amsa ba ya huta wannan karon.

Sai lokacin fara nema, wanda ba a cika lura da shi ba. Ranar shiri awa 23 ce, ranar yaƙi awa 24, jimla 47. Ke nan yaƙi na ƙarewa awa ɗaya kafin lokacin da aka haɗa ku, kwana biyu gaba. In ka danna da ƙarfe takwas na dare, ƙarshen zai faɗo wajen bakwai, mutane na tsakanin magariba da lisha, wasu ba su rufe shago ba. Danna da sha ɗaya na dare: sai ya ƙare wajen goma, ana zaune a fada, shayi na kan wuta, mai jinkiri kuma yana kusa da wanda zai zungure shi. In kana sake nema da zarar an gama, lokacin zai riƙa ja baya da awa guda a kowane yaƙi, cikin sati biyu ka tsinci kanka da la'asar. Jira har sha ɗayan ta yi. Ƴan'uwa na Katsina da Kano da Aljeriya agogonmu ɗaya da su. Na Libiya suna gaba da awa ɗaya, na Saudiyya da awa biyu, su a ce su yi nasu da wuri.

Daga Afrilu zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40, kuran na ɗaukewa, waya ta yi zafi ta soma sarƙewa. Dokar da ke ceton ƙungiya a wannan lokaci ɗaya ce: harin farko cikin awa 12 na farko. Wanda ya bar duka biyun sai mintin ƙarshe, shi ne wanda batirinsa zai mutu. Kuma in rezo ya yanke bayan ka sauke sojoji, harin ya tafi, ba a maido shi. A duba caji ya wuce kashi 30, a fito inda rezo ke da ƙarfi, a tuna cewa kira ɗaya na iya katse intanet ɗin a wayoyi da yawa.

Shekara kuma tana da nata ɗibar. Yuni da Yuli ƴan BEPC da BAC sun ɓace, ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ma da nasu lokacin jarrabawa. Ruwa na sauka sai na Madarunfa da Gidan Rumji da Tasawa su nufi gona. Da kaka ta wuce, ƴan ci-rani su kama hanya. Azumi kuwa yana juya komai, wasa ya koma bayan asham ko gab da sahur. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke zuwa ba sanarwa, saboda haka a buɗe jerin masu hutu: suna, dalili, ranar dawowa. Wanda ya yi sallama ba a korarsa. Wanda ya yi kwana goma shiru, a kira shi a waya tukuna. In dole sai an fidda shi don a samu wuri, wasan na ba da damar haɗa korar da saƙo. Rubuta mashi cewa ƙofa a buɗe take. Kora ba magana ita ke sa abokansa biyu su bi shi.

Rigima mafi zafi tana tashi ne a gasar wata-wata. Ƙungiyoyi takwas, kwana bakwai, hari ɗaya a rana, kuma a ƙarshe shugaba ke raba ƙarin lambobin yabo ga wasu ƙalilan. In ba a faɗi ƙa'ida tun farko ba, za a ce ya ba ƴan unguwarsu, ko da bai yi ba. A rubuta ta kafin a yi rajista: taurari ne ma'auni, wanda ya tsallake hari ya fita daga rabo. Akwai kuma dabarar da ke kwantar da hankalin ƙanana. Tauraro takwas ke ba ɗan wasa cikakken kasonsa na lambobin gasar, don haka wanda ya cika takwas ana iya hutar da shi a ranar shiri a sa na benci, musamman in abokan karawar ranar ba su da ƙarfi. Harin ƙarshen mako na babban birnin ƙungiya, da aka shigo da shi a 2022, shi ma wurin ƙananan ne: daga Juma'a zuwa Litinin, hari biyar da ƙarin ɗaya, ba ruwansa da girman garinka na cikin wasan.

Muƙami ba goron sallah ba ne. Mataimaki na iya fara yaƙi, yana iya korar duk wanda ke ƙasa da shi, kuma mataimaki ɗaya da ya yi fushi da tsakar dare ya isa ya share rabin ƙungiya. Uku sun wadatar, mutanen da aka san gidajensu. Shugaban da zai yi doguwar tafiya ya miƙa shugabanci da hannunsa, in ba haka ba bayan kwana 90 wasan zai miƙa da kansa, ba lalle ga wanda ya dace ba. Kowa ya ɗaure asusunsa da Supercell ID, rajistar kamfanin da ya yi wasan, a kan imel ɗin da yake tuna mabuɗinsa, domin waya na ɓata, ana sayar da ita ranar da aljihu ya bushe. Asusun saye kuwa kada ya riƙe shugabanci ko kusa: dokar kamfanin ta hana cinikin, kuma mai shi na asali na iya karɓe abinsa ya tafi da ƙungiyar gaba ɗaya.

A WhatsApp a yi zaure biyu, ɗaya na sanarwa da masu kula kaɗai ke rubutu, ɗaya na hira. Tsarin yaƙi a aiko shi da murya da Hausa tare da hoton taswira, ba kowa ke son dogon rubutu ba. Raha ta halatta, amma siyasa da gardamar ɗarika a bar su a waje, balle in akwai ƴan tsallaken Jibiya a ciki. In za a yi karo-karo don saya wa wani fas ranar gasa, dala hamsin-hamsin ta isa, a kuma rubuta wanda ya bayar da inda kuɗin suka shiga.

In masu fitowa kullum sun kasa kai 15 wata biyu a jere, a daina ɗauko baƙi barkatai, a nemi wata ƙungiya mai irin halin a haɗe. A koma cikin wadda matakinta ya fi, tunda fa'idodin matakin ba sa bin mutum in ya fita, a ba shugaban ɗaya ɓangaren kujerar mataimaki tun ranar farko, a kuma yi ƙauran a tsakiyar wata bayan an raba lambobin gasa.