Da na sani, da tun ranar farko na yi maganar dashen ƙoda

Ƙannena, musamman ku da likita ya fara yi muku maganar wankin ƙoda, dan Allah ku ɗan saurare ni. Shekara 4 na yi a kan inji kafin a yi min dashe, kuma wallahi yawancin wahalar da na sha rashin tambaya ne ya jawo min.

Ni sam ban san wankin iri biyu ba ne. Na jini kawai na sani, wanda ake jona mutum da inji sau 3 a sati, kowane zama wajen awa 4. Ashe akwai na ciki, likitoci suna ce masa PD, ana sa maka siririn bututu a ciki ka zuba ruwan wankin, tantanin cikinka ya tace dattin sannan ka fitar da ruwan, kamar sau 4 a rana ko kuma inji ya yi maka da dare kana barci. Ban taɓa tambayar ko zai dace da ni ba.

Sai bayan dashe na gane abin yana da alaƙa. Sabuwar ƙodar ba ta kama aiki nan take ba, sai da aka ci gaba da yi min wanki na wasu kwanaki, hankalina ya tashi sosai na ɗauka shikenan ta lalace. Likita ya ce min wannan jinkirin an fi ganinsa ga masu wankin jini, masu na ciki ƙodar ta fi saurin farkawa a jikinsu, kuma tun suna kan wanki ɗan fitsarin da ya rage musu ya fi daɗewa bai ɗauke ba. Amma fa kar ku ɗauka na cikin ba shi da nasa, in ba a kula da tsafta ba ƙwayar cuta na shiga tantanin, ruwan ya fito gurɓatacce ga ciwon ciki mai tsanani. In aka yi nisa kuma, daɗewar ƙodar da aka dasa kusan ɗaya ne a duka biyun.

Toh babban kuskurena ma ba nan yake ba. Tun shekarar farko yayana ya ce zai ba ni ƙodarsa, na ƙi, tausayinsa nake ji ga tsoron tiyata, ina ta cewa a bari tukuna, ban san duk shekarar da mutum ya ƙara a kan wanki zuciya da jijiyoyin jini ƙara gajiya suke ba, wanda aka yi wa dashe da wuri, ko ma kafin ya fara wankin, ya fi samun sakamako mai kyau. A tsakanin nan kuma na yi sakaci da allurar EPO, wadda ke taimaka wa jiki ya samar da jini, da maganin sinadarin ƙarfe na jini, jinina ya dinga sauka ana yi min ƙari leda bayan leda. Kowane ƙarin jini zai iya sa garkuwar jiki ta haɗa sojojin da za su yaƙi sassan jikin wani, ni dai in an sa min na ji ƙarfi murna kawai nake.

In ƙarin jini ya zama dole ku karɓa, rai ake ceto. Amma ku gaya wa likita kuna da niyyar dashe, ku tambaye shi wane wankin ya fi dacewa da ku, kuma yaushe za a fara gwajin mai ba ku ƙoda.

Ranar da na amince daga ƙarshe aka haɗa jinina da na yayana a gwaji, sakamako ya fito jikina ya riga ya haɗa sojojin nan, ba zai karɓi ƙodarsa ba. Shi ya fi ni kuka. Daga nan na shiga layin jiran ƙodar wanda ya rasu.