Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Gani ya kori ji

Salamu alaikum, wancan satin mun tsaya inda na sauka Ingila da rigar sanyin aro. Toh aikin da aka ba ni a makarantar shi ne tauraruwar Kaguwa, irin matattun taurarin nan da ake kira falsa, ragowar wadda ta fashe mutanen Sin suka gani a 1054, tana juyi wajen sau 30 a sakan guda, duk juyi sai ta wullo haske ta wullo siginar rediyo.

Allah ya jiƙan Baffa, maganarsa kullum gani ya kori ji. Da ita ya hana ni auren farko wai bai ga albashina ba, wannan sai wani satin.

Aikina in auna wanne ke riga isowa, hasken ko rediyon. Kawu da na yi masa bayani a waya cewa ya yi ai walƙiya da tsawa ne, har turai za ka je don wannan? Ba haka ba ne Kawu, su biyun gudunsu ɗaya, rediyon dai ilektaron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarkin da ke warwatse a hanya, suna riƙe shi, a mitar rediyo ta megahaz 600 ya kan makara fiye da rabin sakan. Sai ka cire wannan jinkirin ta amfani da lissafin da cibiyar nazarin taurari ta Jodrell Bank ke fitarwa duk wata, amma ko ka cire hasken na nan gaba da kusan kashi ɗaya cikin 4000 na sakan. Ɗan wannan ai tafiyar kilomita 75 ce ga haske, shi ya sa ake ganin ba wuri ɗaya suke fitowa a kewayen tauraruwar ba.

Ranar da na kai sakamakon malamina ko zama bai ce in yi ba, wai agogona ne ya kwana, a gaban ɗalibai fa, wata uku ina sake lissafi ina cin burodi da shayi, abu ya fito yadda na faɗa, wallahi har yau bai ce min sannu ba. Na yafe amma ban manta ba.

Baffa bai ga takardar binciken ba, ya rasu ina can. Inna ce ta riƙe ta a juye ta ce to yanzu ina tauraruwar take, na nuna mata sama wajen Kaza da 'Ya'yanta na ce sai da madubin hange, ta ce ashe kai ma ji ka yi.

Sati mai zuwa maganar gonar gado.