Aikin ƙirga ɗalibai a Kalifoniya, inda wani kan ya fi wani nauyi

Ina aiki a ofishin kuɗi na wata gundumar makarantu a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma babban abin da ke wuyana duk shekara shi ne ƙidayar ɗalibai. Wanda ya ji ƙidaya zai ɗauka kawuna ake ƙirgawa a rubuta jimla a aika Sakaramento, babban birnin jihar. Ana ƙirga kawunan, amma a wajen rabon kuɗi wani kan ya fi wani nauyi, kuma aikinmu shi ne mu tabbatar kowane yaro ya hau sikeli da nauyinsa na gaskiya.

Tsarin ya faro ne a 2013, lokacin da Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a dokar rabon kuɗin makarantu da ake kira LCFF. Kafin nan kuɗin jiha na zuwa ne a guntu-guntu, kowane da sharaɗinsa. Sabuwar dokar ta haɗe mafi yawansu, ta ce kowane ɗalibi yana da kuɗin tushe gwargwadon ajinsa. Ƙananan azuzuwa har zuwa aji uku ana ƙara musu kashi 10.4 cikin ɗari don a rage cunkoso, manyan azuzuwan sakandare kuma kashi 2.6. Daga nan sai nauyin da ya fi ɗaukar mana hankali: yaron da iyayensa ke da ƙaramin ƙarfi, ko wanda yake koyon Turanci, ko wanda yake hannun masu riƙo, ana ƙara wa gunduma kashi 20 cikin ɗari a kansa. Idan kuma irin waɗannan yara suka haura kashi 55 cikin ɗari na ɗaliban gundumar, duk wanda ya hau saman wannan iyaka yana jawo ƙarin kashi 65. Da farko kashi 50 ne, a 2021 aka ɗaga shi.

Ga misali da lambobi masu sauƙin lissafi. A ce gunduma na da ɗalibai dubu ɗaya, kuɗin tushe dala dubu goma kowane kai, kuma ɗari bakwai cikinsu mabuƙata ne. Tushe ya zama miliyan goma. Ƙarin farko miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, ƙari na biyu a kan yara ɗari da hamsin da suka haura iyaka dubu 975. To, a ce iyaye hamsin ba su dawo da takardarsu ba. Yaran suna nan, talaucin yana nan, amma a takarda mabuƙata sun koma ɗari shida da hamsin, kuma dala dubu 425 ta bi iska. Jiha tana amfani da matsakaicin shekara uku, don haka asarar ba ta faɗo gaba ɗaya, sai dai ta daɗe tana bin ka.

Wannan takarda ita ce ke hana ni barci. Ranar ƙidaya ita ce Laraba ta farko a watan Oktoba. Duk wanda sunansa ke rajista ranar ya shiga. Sanin cewa yaro yana koyon Turanci ba shi da wuya, domin ana tambayar harshen gida lokacin rajista, a yi masa jarrabawa. Wanda iyayensa ke karɓar tallafin abinci na gwamnati shi ma kwamfutar jiha ce ke haɗo mana sunansa. Sauran kuwa sai uba ko uwa sun cika fom sun faɗi abin da ke shigowa gidan da yawan masu ci a ciki. A da fom ɗin yana dawowa da kansa, saboda da shi yaro ke samun abincin makaranta kyauta. Tun daga shekarar karatu ta 2022 Kalifoniya ta mayar da karin kumallo da abincin rana kyauta ga kowane ɗalibi. Abu ne mai kyau, ba na ja. Amma ya ɗauke wa iyaye dalilin cika fom, mu kuma kuɗinmu na rataye da shi.

Akwai wani dattijo ɗan Afirka ta Yamma da na tare a bakin ƙofar makaranta ya zo ɗaukar jikokinsa. Fom ɗin na naɗe a aljihun rigarsa, gefensa har ya fara tsagewa. Na gaishe shi na ce, "Baba, takardar nan muke jira." Ya ce, "Ɗana, abinci dai an ce kyauta ne. Me hukuma za ta yi da sanin abin da ke aljihuna?" Na zauna da shi a kan benci na nuna masa cewa daga wannan takardar ake biyan malamar da ke zama da jikarsa tana koya mata karatu bayan an tashi. Ya yi shiru, ya nemi biro. Saƙon waya da wasiƙa ba su taɓa yi mana abin da zama na minti biyar ke yi ba, musamman ga baƙi masu tsoron duk wata takarda da ta fito daga hukuma.

Abu na biyu da aikin ya koya mini shi ne rajista ba ta isa ba. Kalifoniya na cikin jihohin da ke biya bisa matsakaicin zuwa makaranta kullum. Yaro ya yi fashi, kuɗin ranar ya tafi, ko da uzurinsa karɓaɓɓe ne. Ranar Sallah yaranmu suna da izinin zama gida, amma lissafin bai san Sallah ba. Iyalan da ke shirin zuwa gida na wasu makonni, nakan roƙe su su sanar da makaranta tun da wuri, a sa hannu a yarjejeniyar karatu daga nesa. Idan yaro ya dawo da aikin da aka ba shi, ana iya ƙirga kwanakin. A ganina biya bisa zuwa yana cutar gundumomin talakawa, domin su ne yaransu suka fi fashi saboda rashin lafiya, rashin mota ko ƙaura daga gida zuwa gida. Ana ba su da dama ana karɓewa da hagu.

Akwai wurare biyu kuma da nauyin bai kai ba. Yaro talaka wanda kuma bai iya Turanci ba sau ɗaya ake ƙirga shi, alhali hidimarsa ta fi ta mai matsala ɗaya. Sannan iyakar kashi 55 ana auna ta ne a kan gunduma gaba ɗaya, don haka makarantar da ke cike da 'ya'yan talakawa a cikin gunduma mai arziki ba ta samun ƙari na biyu. Duk da haka ina ganin tsarin ya fi rabon daidai-wa-daida adalci, irin wanda hukumar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya, UBEC, ke yi wa jihohin Najeriya da babban kason tallafinta, inda Kano da Bayelsa ke karɓar kaso iri ɗaya.

Bayan kuɗi ya shigo sai tambayar ko ya isa ga yaran da suka jawo shi. A 2019 mai binciken kuɗi na jiha ya ce da wuya a bi sawunsa, kuma abin da ba a kashe ba yana narkewa cikin asusun gama-gari. A 2021 aka gyara doka, ragowar dole ta ci gaba da zama ta waɗannan yara a shekara mai zuwa. Gyaran ya ƙara mana aikin rubutu, amma ya ba ni amsar da zan ba iyaye idan sun tambaya. Yanzu fom ɗin yana cikin takardun rajista tun watan Agusta, da Turanci da Sifaniyanci da sauran harsunan da muka samu masu fassara, kuma kowace Juma'a har ƙarshen Oktoba nakan aika wa shugabannin makarantu sunayen gidajen da ba su dawo da nasu ba.